Taken ƙasa da darasin ’yan amshi

Tun ranar 29 ga Mayun 2024, da Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan dokar da ta dawo da tsohon taken Najeriya, wanda aka rera daga 1960 zuwa 1978, ma’aikata a Abuja suke fuskantar ’yar jarrabawa a kowane taron gwamnati. Da yawa sun haddace baitocin, amma da an kai gaɓar da sauti ke hawa, sai numfashi ya yanke, muryoyi su watse, a bar na’ura ta ƙarasa.

Rashin horo ne ke jawo haka. Murya tana samuwa ne idan iskar huhu ta girgiza wasu siraran tsoka biyu da ke cikin maƙogwaro. Wanda ya saba jan numfashi har cikin ciki, yana sakinsa sannu a hankali, zai kai ƙarshen baiti bai matse wuya ba. Mai turo sauti da ƙarfin tsiya kuwa, dishewa ce ke jiransa, in abin ya daɗe har ƙulli ya fito a kan tsokar.

Makaɗan Hausa sun daɗe da tasu makarantar, wato amshi. Marigayi Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya fara ne a bayan mahaifinsa, sannan yayansa, kafin ya ja tasa ƙungiyar. A nan yaro ke koyon inda ake shan numfashi, da daidaita murya da ta abokan amshi, da jure doguwar waƙa a fada. A Legas kuma, ƙungiyar MUSON da aka kafa a 1983 tana koyar da wannan fanni a aji, da rubutaccen sauti.

Amfanin horon ya wuce waƙa. Mai gabatar da taro da kakakin minista duk da murya suke cin abinci, kuma ƙurar hunturu da na’urar sanyaya ofis suna busar da maƙogwaro. Malaman murya kan ba da shawarar yawan shan ruwa, da ɗumama murya da guna-guni mai taushi kafin a hau mumbari, da guje wa yawan kakari. Dishewar da ta haura mako uku kuwa ta wuce zuma da lemun tsami: sai likitan kunne, hanci da maƙogwaro.