Gyaran ƙasan tsohuwar mota

Peugeot 404 ta fito a 1960. Mota ce mai ƙarfi, amma tsatsa ce babban ciwonta. Ruwan damana ya na kwanciya ƙarƙashin shimfiɗar roba, ya ci ƙarfen da ake aza ƙafa. In ƙarfen ya huje, hayaƙi ya na shiga cikin mota. Hayaƙin nan guba ne, ya na kisa.

Ga yadda mai walda ke gyarawa:

1. Ya cire batir da kujeru, ya kau da tiyon mai daga wuta.
2. Ya yanke ruɓaɓɓen wuri har ya tarad da lafiyayyen ƙarfe.
3. Ya auna sabon ƙarfe mai kauri ɗaya, ya liƙa kaɗan-kaɗan, don kada zafi ya lanƙwasa shi.
4. Ya shafa fenti ciki da waje.

Rufe rami da katako ba gyara ba ne.