Masu Kiran Soja, Ku Duba Yadda Hitila da Abokansa Suka Ƙare

Wata magana tana yawo a majalisun matasan Dutse, tana bin wayoyi har Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu: wai ƙasar nan ba za ta gyaru ba sai an sami mutum ɗaya mai kaki, wanda in ya yi magana ba mai cewa uffan. Wasu har hoton Hitila suke yaɗawa suna kiransa namijin duniya. A Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa da ta sa aka kafa dokar hana fita a Jigawa, an ga yara a Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha suna kiran soja. Yunwar da ta fito da su gaskiya ce, ba na musu. Amma kallon kitse suke yi wa rogo, domin abin da suke roƙo an riga an gwada shi a gaban duniya.

Ranar 27 ga Satumba 1940 Jamus da Italiya da Japan suka ƙulla ƙawancen yaƙi a Berlin. A lokacin Faransa ta faɗi, Ingila na shan ruwan bama-bamai. Shekara biyar ba ta cika ba, dukansu uku suka durƙusa.

Ana yawan cewa arziki ne ya kayar da su, kuma akwai gaskiya a ciki. Jamus ta dogara da man Romaniya, Japan ba ta da mai, Amurka kuwa ta ƙera jiragen sama wajen 300,000 kafin yaƙin ya ƙare. To amma wa ya tura su tsokano ƙasashen da suka fi su mai da ƙarfe da mutane? Shugabanni ne waɗanda ba wanda ya isa ya ce musu a'a.

Ko a tsakaninsu ba amana. Musolini na Italiya ya afka wa Girka a Oktoban 1940 bai shawarci Hitila ba, ya sha kashi, sai da Jamus ta je ceto. A Afrilun 1941 Japan ta yi yarjejeniyar zaman lafiya da Tarayyar Sobiyet, bayan wata biyu Hitila ya mamaye Sobiyet ɗin. A Disamba Japan ta kai wa Amurka hari, bayan kwana huɗu Hitila ya ƙara ɗora wa kansa yaƙi da Amurka alhali sojojinsa na daskarewa a bakin Mosko. Mutumin da ya saba kowa ya durƙusa masa a gida ba ya iya zama ya saurari abokin tafiya.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yadda gaskiya ta daina isa kunnensu. A Stalingrad an zagaye rundunar Jamus ta Janar Paulus, hafsoshi suka nemi izinin fasa ƙawanyar su fice, Hitila ya hana. Farkon Fabrairun 1943 aka kama kusan 91,000 daga cikinsu, waɗanda suka koma gida da rai ba su wuce 6,000 ba. A Midway, cikin Yunin 1942, Japan ta rasa manyan jiragen ruwa huɗu masu ɗaukar jiragen sama, amma aka shaida wa jama'a an yi nasara. Masana irin su Einstein da Fermi wariya ta kore su daga Jamus da Italiya, suka kai iliminsu Amurka.

Wani zai ce ai Stalin na Sobiyet ma kama-karya ya yi, kuma ya ci yaƙin. Haka ne. Ya kashe hafsoshinsa da yawa a 1937 da 1938, ya ƙi jin gargaɗin cewa Jamus na tafe, ƙasarsa ta biya da rayuka wajen miliyan 27. Wace uwa ce a Gwaram za ta yarda a sayi nasara da wannan farashi?

Kuma kai ɗan Jigawa mai yabon Hitila, ka san ko wa kake zagi? A lokacin yaƙin Dutse na ƙarƙashin Lardin Kano, kuma daga lardunan Arewa aka kwashi dubban samari zuwa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka yaƙi Japan a dazukan Bama. Wasu tun 1941 suka fatattaki sojojin Musolini daga Somaliya zuwa Habasha. Ba na wanke Turawan Ingila, su ma sun tilasta wa talakawa haƙar kuza a Jos a shekarun yaƙin. Amma a Yunin 1940, a Chasselay ta Faransa, sojojin Hitila sun ware baƙaƙen sojojin da suka miƙa wuya daga fararen, suka harbe su. Matsayinka ke nan a wurinsa.

Ban ce sojojin da suka ƙulla ƙawance a Nijar da Mali da Burkina Faso a Satumban 2023 Hitila ne ba. Abin da nake cewa, duk inda aka dakatar da jam'iyyu aka rufe bakin 'yan jarida, an toshe hanyar da labarin ɓarna zai bi ya isa sama. Mutanen Maigatari sun ga yadda kasuwarsu ta yi sanyi da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yamai, kuma ba wanda ya nemi ra'ayinsu a kowane ɓangare.

Iyaye, in kun ga hoton Hitila a wayar ɗanku, ku zaunar da shi a daren. Limamai da malaman tarihi, daga makarantun sakandare har Jami'ar Tarayya ta Dutse, ku faɗi wannan labari da sunaye da shekaru. Ku kuma masu mulki, ku sauko da farashin abinci, ku saurari mai kuka tun yana kuka da baki, domin kunnen ƙashinku ne ke tura yaran nan wajen masu kaki.