Damo: Wata Biyar Na Ci, Sauran Shekara Na Haƙuri

Duk wanda ya san gonakin jigawa na ƙasar Gaya da Ajingi ya san cewa ganin damo yana da lokaci. Daga saukar ruwan farko a watan Yuni zuwa kaka ana cin karo da shi a bakin kunya, ko gindin sabara, ko yana shanya jiki a kan suri da hantsi. Da hunturu ya kankama sai ya yi ɓatan dabo, har ruwa ya dawo. Hausawa sun daɗe da lura da halinsa, shi ya sa suke masa kirari da sarkin haƙuri. Sai dai wannan haƙuri dabarar rayuwa ce da ta rataya kacokan a kan 'yan watannin damina, kuma wanda ya fahimci haka zai gane cewa lokacin da ake kashe damo, da irin wurin da ake hana shi fakewa, sun fi yawan wanda ake kashewa illa.

Da farko a raba shi da ɗan'uwansa guza. Guza na ruwa ne, dogo siriri, yana iya haura mita 2, kuma an fi samunsa a fadamun kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja. Damo kuwa ɗan tudu ne, gajere kakkaura, mai faffaɗan kai da gajeren wuya, da wuya ya wuce mita 1. Masana na kiransa Varanus exanthematicus, sunan da ya samo asali daga bayanin da Bafaranshe Louis Bosc ya yi a 1792 kan wanda aka samo daga Senegal. Danginsu sun kai kimanin iri 80 a duniya, tun daga ƙaton Komodo na Indunusiya mai tsawon mita 3 har zuwa 'yan mitsi-mitsi na hamadar Ostareliya waɗanda ba su wuce santimita 25 ba. Akwai kuma na Sahara da ake samu a arewacin Nijar. Namu shi ne na tsakiya, mazaunin ƙasar da ruwa ke zuwa wata huɗu ko biyar ya ɗauke.

A shekarun 1970 masani Mamadou Cissé ya bibiyi rayuwar damo a Senegal, ƙasa mai yanayi irin namu. Ya gano cewa da damina dabbar tana ci babu ƙaƙƙautawa, sannan ta ɗauki watannin rani kusan ba ta sa komai a baki. Abin da ta ci yana zama kitse a cikinta da gindin jelarta, ya zame mata rumbun da za ta riƙa ɗiba har shekara ta zagayo. Da yake jikinta ba ya samar da ɗumin kansa kamar na akuya ko kaza, idan ta lafe a rami ko kogon bishiya kaɗan take ƙonawa. Abincinta kuwa fara ne da gyare da buzuzu da gwazarma da kunama da dodon koɗi. Tana farauta da harshe mai rassa biyu, ta zaro shi ta ɗanɗani iska da ƙasa, ta mayar ganɗa inda wata gaɓa ke tantance warin, har ta gane ramin da gyare yake ta tone shi. Idan ta kama ƙadandoniya sai ta yi ta murza ta da haɓa a ƙasa har ruwan nan mai ɗaci ya tsiyaye kafin ta haɗiye. Haƙoran babba na baya dakusassu ne, daidai fasa ƙoƙon dodon koɗi. Wanda ya dubi wannan jeri zai ga yawancinsa abokan gaban mai gero da wake da gyaɗa ne.

Haihuwarsa ma a kan wannan lissafi take. Barbara na zuwa ne wajen ƙarshen damina, lokacin da jiki ya yi ƙiba. Macen ta haƙa rami ta zuba ƙwai, sau da yawa 20 ko fiye, ta rufe ta yi tafiyarta. Ƙwan na kwana a ƙasa wata biyar zuwa shida, 'ya'yan su fito gab da damina, daidai lokacin da ƙananan ƙwari suka yawaita. To, ina matsalar take? Kaka da farkon rani su ne lokacin da ake sakin karnukan farauta, ake cinna wa daji wuta, ake tone ramuka. Macen da aka kama a lokacin ta tafi da zuriyar shekara guda. Ga kuma saura ta yi ƙaranci saboda yawan jama'a, ana baje suri, ana sare tsofaffin bishiyoyi masu kogo don itace da gawayi. Feshin maganin ƙwari ba bisa ƙa'ida ba kuma yana rage masa abinci a watannin da ba shi da wasu.

Mai kiwo zai ce ai wannan dabba ce ke shanye masa ƙwai tana kwashe 'yan tsaki. Ana samun haka, amma mafi yawan wannan ɓarna ta guza ce, wanda ya fi zafin nama da kwaɗayin ƙwai, kuma akurki mai ƙofa da ake rufewa ya fi kisa magani. Maharbi zai ce tun kaka da kakanni ake cin damo, ana amfani da kitsensa da fatarsa, bai ƙare ba. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a raba talaka da namansa. Sai dai a zamanin kakanni daji ya fi gona yawa, kowace unguwa tana da inda dabba za ta tsira ta hayayyafa. Mai karatu kuma zai kawo hujjar cewa ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ba ta sa damo cikin masu fuskantar ɓacewa ba. Wannan hukunci ne kan faɗin mazauninsa gaba ɗaya, daga Senegal zuwa Sudan, ba kan gonakin ƙaramar hukuma guda ba. Dabba na iya wadata a nahiya alhali ta ƙare a garinku. Ita ma yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Najeriya ke ciki, ta sa ido kan cinikinsa tsakanin ƙasashe, ga shi kuwa ana fitar da dubbai daga Ghana da Togo da Benin zuwa Turai da Amurka don masu kiwon sha'awa.

Abin da ake buƙata ba ya cin kuɗi. Sarakunan dawa da dagatai da masu unguwanni suna da ikon da za su ce a ɗaga wa damo ƙafa daga ƙarshen damina zuwa bayan girbi, kamar yadda masunta ke rufe wasu tafkuna har kifi ya girma. Manomi kuma ya bar surin da ke kan iyakar gonarsa, da ɗan layin gamba ko kalgo, ya daina sa wuta lokacin sassabe sai inda ya zama dole. Malaman gona su riƙa faɗa wa mutane cewa wannan dabba tana cikin masu rage musu fara kyauta. Idan aka kare masa watannin haihuwa da wurin kwanciyar rani, ragowar aikin shi da kansa zai yi.