Tsallake Tenere a kan babur: abin da wayarka za ta iya, da inda ƙarfinta ya ƙare

Idan kana yawan kallon bidiyon masu yawon duniya a kan babur a YouTube ko TikTok, da wuya ba ka ci karo da Yamaha Ténéré 700 ba. Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne sunan babur ɗin na maƙwabta ne. Tenere ita ce hamadar da ta shimfiɗu gabas da Agadas a Jamhuriyar Nijar, wadda ayarin raƙuma ke ratsawa zuwa Fachi da Bilma domin ɗauko gishirin kantu, irin wanda ake gani a kasuwanninmu. Daga Agadas zuwa Bilma ya haura kilomita 500, kuma mafi yawan tafiyar babu kwalta, babu inuwa, babu sabis.

A shekarar 1977 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓata da babur ɗinsa a cikin Sahara lokacin tseren Abijan zuwa Nice. Bayan an ceto shi, maimakon ya yi rantsuwar ba shi ba hamada, sai ya ƙirƙiro tseren Paris zuwa Dakar. An tashi karo na farko ranar 26 ga Disamba 1978 da ababen hawa 182, guda 74 kacal suka isa Dakar, kuma Cyril Neveu ne ya yi na ɗaya a kan Yamaha XT500. Duk wannan an yi shi da taswirar takarda da kamfas. Yau kuwa Tecno ko Infinix ɗin da ke aljihunka ta fi duk kayan da suka riƙe sanin inda take a doron ƙasa. Tambayar ita ce ko hakan ya isa abokai huɗu ko biyar su hau babura su nufi rairayi.

GPS ba ya buƙatar data

Nan ne mutane suka fi rikicewa. Wayarka ba ta tambayar MTN ko Airtel inda take. Sauraro kawai take yi. Taurarin ɗan adam na GPS suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,000 daga ƙasa, kowanne yana aiko da lokaci da matsayinsa, wayar kuma tana lissafa inda kake da zarar ta ji aƙalla guda huɗu. Yawancin wayoyin yanzu suna jin na Rasha da na Turai da na China ma. Rashin sabis yana sa ta ɗan jima kafin ta kama a karon farko, amma za ta kama, kuma a fili irin na hamada ta fi kamawa da kyau fiye da tsakiyar Kantin Kwari.

Abin da ke buƙatar data shi ne taswirar kanta. Idan ba ka sauke ta tun kana gari ba, za ka ga shuɗin ɗigo a kan farin allo, wato ka san kana wani wuri amma ba ka san ko ina ne ba. Google Maps na barin a sauke yanki, sai dai an gina ta ne domin tituna, kuma Tenere ba ta da titi. Masu irin wannan tafiya sun fi dogara da manhajoji kamar OsmAnd da Gaia GPS, waɗanda ke karɓar fayil ɗin GPX, wato sawun da wani ya taɓa bi aka adana shi a matsayin layi. Kowa a cikin ayarin ya kamata ya sami fayil ɗin a wayarsa, tare da alamar kowace rijiya da kowane zango. A gwada tun a gida: a kashe data, a sa wayar a yanayin jirgin sama, a buɗe a gani.

Amma layin GPX ba hanya ba ce. Tudun rairayi yana tafiya da iska, inda wani ya wuce lafiya bara zai iya zama gangara mai karya wuya bana.

Zafi da girgiza

Ɗora waya a kan sitiyarin babur yana da kyau a hoto. A aikace abubuwa biyu ne ke cin ta. Na farko zafi. Apple ya ce an ƙera iPhone ta yi aiki ne tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, sauran wayoyin ma ba su yi nisa da haka ba. A yankin Bilma zafin bazara kan haura 40 a inuwa, balle wayar da ke fuskantar rana, haskenta a ƙure, GPS a kunne, kuma tana kan caji. Za ta fara rage haske har ka kasa karanta allon, ta daina karɓar caji, daga nan ta kashe kanta. Shi ya sa ake yin tafiyar tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ko da yake a lokacin sanyin dare ne ke zuƙe batir, sai an kwana da wayar da fawa bank a cikin bargo.

Na biyu girgiza. A watan Satumban 2021 Apple ya gargaɗi masu iPhone cewa girgizar injin manyan babura na iya lalata sassan kyamara masu hana hoto rawa da masu saita gani. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a nemi tsohuwar waya mai arha a ɗaura ta a gaba domin taswira kawai, babbar wayar kuma ta zauna cikin jaka a lulluɓe, nesa da ƙura. Mai hali ya sayi na'urar GPS ta babur irin su Garmin zūmo, wadda aka yi domin rana da ƙura da hannu mai safa.

Sanin inda kake daban, sanar da wani daban

GPS ba ya aika komai. Wayarka za ta nuna maka daidai inda ƙafarka ta karye, amma ba za ta faɗa wa kowa ba. Wannan aikin wata na'ura ce daban. Garmin inReach, wadda ba ta kai tafin hannu ba, tana aika gajeren saƙo da matsayinka ta taurarin Iridium guda 66, tana kuma da maɓallin neman agaji, amma sai da kuɗin rajista. Direbobin Sahara sun daɗe da sanin wayar Thuraya. Masu iPhone 14 zuwa sama kada su saki jiki da tsarin kiran gaggawa ta tauraro, domin a wasu ƙasashe kaɗai aka buɗe shi, sai a duba jerin kafin a tashi. Kuma riƙe wayar tauraro a yankin da sojoji ke sintiri ba abin wasa ba ne, a tambayi hukuma tukuna. Ko saƙon ya isa, babu motar asibiti a bayan tudu. Wanda zai fara kai maka ɗauki shi ne abokin da ke tafe da kai.

Lissafin mai ma yana nuna haka. Tankin Ténéré 700 lita 16 ne, wanda a kan kwalta zai yi kilomita 300 da ɗoriya, a rairayi mai laushi kuwa injin na shan mai fiye da haka nesa ba kusa ba. Kakanta na 1983, XT600Z Ténéré, tankinta ya kusa lita 30, don masu ƙera ta sun san inda za ta. Saboda haka kusan duk ayarin babura yana tafiya da Hilux ko Land Cruiser ɗauke da jarkokin mai da ruwa da tayoyi, da jagora Ba'abzine ko Batube wanda ke karanta ƙasa da ido.

Tuƙin kansa sai an koya. Ana rage iskar taya, a miƙe tsaye a kan matakai, a mayar da nauyi baya, a riƙe totur ba sassautawa, a ƙyale birkin gaba. Da sassafe yashi ya fi tauri. Da tsakar rana inuwa kan ɓace, rami da tudu su zama launi ɗaya. Gefen tudu da iska ke bugawa yana da tauri da sauƙin hawa, bayansa kuwa gangara ce mai laushi da ba ka ganinta sai ka kai ƙololuwa. Za ka faɗi, kuma babur ɗin ya haura kilo 200. Ɗaga shi sau ɗaya motsa jiki ne, sau goma a yini ɗaya kai kaɗai kuwa shi ne ke ƙarar da ruwan jikin mutum. Ƙa'idar da ayari ke bi ita ce kowa yana da alhakin wanda ke bayansa: ka waiwaya ba ka ga fitilarsa ba, ka tsaya. Na'urorin magana na hular kwano irin su Cardo da Sena suna taimakawa, amma tudu ɗaya ya shiga tsakani sai murya ta yanke.

Sai batun tsaro, wanda ba manhajar da ke warware shi. Barazanar hari a Muritaniya ce ta sa aka soke tseren Dakar na 2008, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun 2020. A arewacin Nijar motocin da ke zuwa Dirku kan tafi ne a ayari da rakiyar sojoji, kuma akwai 'yan fashi a hanyar. Wanda ke son ɗanɗana rairayi ba tare da wannan ba, yawanci Merzouga ta Maroko yake nufa, inda tuddan Erg Chebbi ke daf da gari, ana hayar babur da jagora, sabis kuma ba ya nisa.

Ga wanda wata rana hanya ta buɗe masa ya bi ta Tenere, akwai alama ɗaya da zai tarar a kusan kowane fayil ɗin GPX: Bishiyar Tenere. Ita kaɗai ce ta tsaya a wannan fili, ayari suna saita hanya da ita, har wata babbar mota ta buge ta a 1973. Gangar jikinta na gidan tarihi na ƙasa a Yamai. A gurbinta an kafa wata ta ƙarfe.