Ɗaki mai sanyi ba sai mai kuɗi ba

Ƴan uwa, kowa ya san bazarar ƙasarmu. Daga Ƙonni har Malbaza da Illela, watan Afirilu da na Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Lokacin nan ne mutum yake sanin irin ɗakin da ya gina.

Akwai wani ɗalibina da ya tafi bida, ya yi shekara biyu. Da ya komo, ya rushe ɗakin laka da ya gada, ya gina na bulon siminti, ya rufa da tol. Kowa ya zo ya yi mashi barka. Da bazara ta kama, sai ga shi da iyalinshi suna kwana waje. Da rana matarshi takan ɗauki jinjirinta ta tafi ɗakin uwar miji, don can ne da sanyi. Kuɗi sun ƙare, hutu bai samu ba.

Mi ya sa haka?

Tol ƙarfe ne marar kauri. Rana na bugun shi, nan take ya ɗau zafi ya zubo ma na ciki. Bulon siminti shi ma bai da kauri sosai. Amma bangon laka mai kaurin santimeta 40, zafi yakan daɗe kafin ya ratsa shi. Kafin ya kai ciki, rana ta faɗi. In dare ya yi, sai a buɗe taga, iska ya kwashe zafin. Shi ya sa in ka shiga soron tsofaffi da azahar sai ka ji kamar ka shiga randa.

Gina da laka ba ci baya ba ne

Wasu suna ganin laka ta talaka ce. To, ku dubi masallacin Juma'a na Yama, nan cikin ƙasar Illela. Falke Barmu, magini kuma manomi, shi ya ja aikin a 1962, mutanen gari sunka kama mashi. A 1975 anka sake rufin da bakan gizo da ƙubba. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-gine masu kyau na duniyar Musulmi. Da ƙasar wurin anka yi shi.

Ku dubi Dandaji kuma. A 2018 anka ƙare sabon masallaci da bulon ƙasa wanda inji ya matse. Tsohon masallacin ba a rushe shi ba, an gyara shi ya zama ɗakin karatu. Mata biyu sunka zana aikin: Mariyama Kamara ƴar Nijar da Yasaman Esmaili ƴar Iran.

Matsalar icce

Rufin laka na da yana cin icce da yawa. Azara ta giginya ta yi wuya, ta yi tsada. In an sa ɗanyen icce ko marar ƙarfi, gara ta cinye, rufi ya faɗo. Kuma kowane icce da anka sare, hamada ce anka buɗe ma ƙofa.

Akwai dabara: gini ba icce. Asalinta daga kudancin Masar ne. A Nijar an fara gwada ta a 1980 garin Shikal, wajen Filinge, daga baya an horar da magina da yawa cikin ƙasa. Da ƙananan bulon laka ake ɗaura rufi, kowane layi yana jingine da na bayanshi, har ya rufe kamar ƙwarya a kife. Ba azara, ba tol. Amma a kula: wanga aiki sai maginin da ya koya. Kar ka ce ka gani da ido za ka iya.

In za ka gina, ga abin lura

1. Wuri. Kar ka gina cikin kwari ko kan hanyar ruwa. Damanar 2020 da ta 2024 gidajen laka da yawa sun rushe cikin Nijar. Laka ba ta tsoron rana, ruwa mai kwanciya gindinta take tsoro.

2. Tushe. Dutse ba ya wuya ƙasar Adar. Ka yi tushe da dutse, ka ɗaga shi kamar kamu ɗaya bisa ƙasa. In kana da kuɗin siminti kaɗan, nan ne wurinshi.

3. Fuska. Dogayen bango su dubi kudu da arewa. Gajerun su dubi gabas da yamma, don nan ne rana ta fi bugu. Hadari kuma daga gabas ya fi tasowa, don haka bangon gabas yana son yaɓe mai kyau.

4. Taga. Ka yi ƙanana biyu suna duban juna, ɗaya kudu ɗaya arewa. Ka bar ƴar kafa sama kusa da rufi, don iska mai zafi sama yake hawa. Da rana a rufe, da dare a buɗe.

5. Inuwa. Ka kafa rumfa gaban ƙofa. Ka dasa bedi ta yamma, amma ba dab da bango ba, saboda saiwa.

6. Indararo. Ya zama dogo, ya jefa ruwa nesa da bango. Kafin ruwan farko ka hau ka share shi, ka toshe duk tsagar da ka gani.

7. Yaɓe. Kar ka yaɓa siminti kai tsaye bisa laka. Ba sa riƙe juna. Siminti ya tsage, ruwa ya shiga baya, bango ya ruɓe kai ba ka sani ba. Yaɓen laka da ciyawa kafin damana ya fi.

Wanda ya riga ya rufa tol fa? Bai yi asara duka ba. Ya shimfiɗa zana ko tabarma ƙarƙashin tol, ya bar tazara tsakani don iska ya wuce. In da hali ya shafa farin fenti bisa. Ɗalibin nan nawa haka ya yi, ya ƙara da rumfa, kuma ya ce ya ga bambanci.

Ƙaramin ɗaki da anka gina da tunani ya fi babba da ke korar mai shi waje. Kafin ka sayi bulo ko ɗaya, ka zauna da magini, ku dubi inda rana ke fitowa da inda ruwa ke bi.

Tambayoyi

1. Mi ya sa ɗakin tol ya fi na laka zafi?
2. Wa ya ja aikin ginin masallacin Yama, kuma wace shekara?
3. Ina ya kamata dogayen bango su duba?
4. Ka rubuta abu biyu da za ka gyara ɗakinka kafin damana.