Ƙurar Hunturu Da Babur Ɗin Manomi

Daga watan Nuwamba iskar gabas takan kwaso ƙura tun daga ƙasar Cadi ta lulluɓe ƙasar Daura. Manomin da ke hawa babur mai dogayen ƙafafu zuwa Baure, ko Zango, ko kasuwar Mai'aduwa, shi da injinsa ƙura ɗaya suke shaƙa. Abin da ke tare ta shi ne matatar iska, wadda makanikai ke kira iya-kilina.

In ta toshe, sai babur ya kama shan mai, yana baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 kuwa, wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Waɗansu sukan cire matatar su yar, wai injin ya sha iska. Ashe yashi suka buɗe wa ƙofa, ya shiga ya cinye ringi.

To, in ta soso ce, a toshe bakin kafireto da tsumma mai tsabta, a wanke ta da kananzir, a matse, kada a murɗe don takan yage. In ta bushe a inuwa, a ɗiga mata baƙin mai sabo, a sake matsewa. Ta takarda ba ta son ruwa ko mai. A kakkaɓe ta kawai, in ta huje a sayi sabuwa.