Ƙwallon golf mai laushi da araha: me take yi wa ɗan koyo?

Wanda ke zaune a Barnawa ko Narayi ko Sabon Tasha, in ya fara sha'awar wasan golf, sai ya tsallaka gada zuwa filin Kaduna Golf Club da ke arewacin kogi. Sanduna dai ana iya aro ko a sayi na hannu. Abin da ke cin aljihu a kai a kai ita ce ƙwallo, domin ɗan koyo yakan ɓatar da biyu ko uku a cikin ciyawa kafin ya gama zagaya ramuka 18. Daga waje ake shigo da ita, don haka farashinta dala yake bi. Dozin ɗin Titleist Pro V1, wadda ƙwararru da yawa ke bugawa tun fitowarta a 2000, yakan kai ninki biyu na kuɗin masu laushi irin su Callaway Supersoft da Srixon Soft Feel. To, wanda ya sayi mai arahar, me ya rasa?

Mu fara da abin da ke ciki. Hukumomi biyu ne ke tsara dokokin wasan, R&A a Sikotilan da USGA a Amurka. Sun ce nauyin ƙwallo kada ya wuce giram 45.93, faɗinta kuma kada ya gaza milimita 42.67, sannan sun ƙayyade iyakar gudun da za ta iya tashi da shi. Saboda haka mai tsada da mai araha duk cikin keji ɗaya suke. Idan ka raba mai araha biyu, za ka gan ta kamar goruba: ƙodago a ciki, ɓawo a waje. Ƙodagon na robar folibutadin ne, wadda ake samu daga man fetur, irin dai wadda ake sa wa a tayoyin motocin da ke bin titin Kakuri. Ɓawon kuwa roba ce mai tauri da ake kira ayonoma, wadda kamfanin DuPont ya fito da ita da sunan Surlyn a shekarun 1960. Mai tsadar tana da hawa uku ko huɗu ko ma biyar, kuma ɓawonta na yuretan ne, siriri mai danƙo.

Sanda da ƙwallo ba sa daɗewa a haɗe. Kusan rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ne, ko ƙiftawar ido ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba. A wannan ɗan lokacin ƙwallon mai nauyin giram 46 take tashi daga tsaye zuwa gudun kilomita 200 da wani abu a awa. In ka lissafa, ƙarfin da ke danna ta ya fi nauyin buhun siminti 10. Dole ta lotsa, sannan ta dawo daidai ta yi tsalle. Masu ƙera ta suna auna wannan lotsawa da abin da za mu kira lambar matsuwa. Masu laushi suna tsakanin 35 zuwa 65, na ƙwararru kuwa daga wajen 85 zuwa 100.

A nan ne ake yawan jin wata magana, wai wanda hannunsa ba shi da ƙarfi sai ya nemi mai laushi, domin ba zai iya matse mai tauri ba. Gwaji bai goyi bayan wannan ba. Duk lokacin da roba ta lotsa ta dawo, wani ɓangare na ƙarfin yakan salwanta ya zama zafi, kuma wadda ta fi lotsawa ta fi yin wannan asarar. A 2019 shafin MyGolfSpy ya sa na'ura mai bugu iri ɗaya ta gwada ƙwallaye da dama, aka ga masu laushi sun fi tashi a hankali daga doguwar sanda. Sai dai giɓin ya dogara da saurin bugu. Ƙwararre yana kaɗa doguwar sanda da gudun kusan kilomita 180 a awa, a wurinsa asarar tana bayyana. Matsakaicin mai wasan sha'awa yana wajen 150, ɗan koyo ma bai kai nan ba. A irin wannan gudun bambancin bai fi 'yan taku ba, kuma bugu ɗaya da bai sami tsakiyar sanda ba ya ishe shi shafe shi.

Mai laushi tana da nata amfanin. Ƙwallon golf tana tafiya ne tana juyi da baya, kamar sau 2,500 zuwa 3,000 a minti daga doguwar sanda. Wannan juyin, tare da ƙananan kwarmin nan 300 zuwa 400 da ke jikinta, shi ke riƙe ta a sama. In juyin ya karkace, sai ka ga ƙwallo ta lanƙwasa ta nufi daji. Mai laushi ba ta cika juyi ba, don haka lanƙwasarta takan ɗan ragu. Amma fa kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Fuskar sanda ce ke karkatar da juyi, gyaran hannu kuma sai atisaye.

Inda kuɗi ke magana shi ne kusa da rami. Gajerun sanduna suna da tsaga-tsaga a fuskarsu. Ɓawon yuretan yana nutsewa cikin tsagar ya kama, har ƙwararre ya iya sa ƙwallo juyi sau 9,000 ko fiye a minti, ta faɗi ta tsaya cak kamar an taka mata birki. Ɓawon ayonoma santsi yake yi, ƙwallon ta faɗi ta ci gaba da gangarawa. Ka ga kenan laushin mai araha a ƙodago yake, na mai tsada kuwa a ɓawo. Kalma ɗaya ce a jikin kwali, amma abu biyu take nufi.

Shi kansa laushin da mai bugu ke cewa ya ji, yawancinsa a kunne yake. Kafin girgizar bugun ta kai ƙwaƙwalwa, ƙwallo ta riga ta bar sanda. Masu bincike a Jami'ar Loughborough ta Ingila sun nuna cewa ƙarar bugu tana da babban tasiri kan yadda 'yan wasa ke bayyana abin da suka ji. Ƙara mai kaifi sai a ce tauri, mai taushi a ce laushi. Wannan ba abin rainawa ba ne, domin wanda bugu ya yi wa daɗi ya fi natsuwa, sai dai ba ya ƙara nisa.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Kaduna tana kan tudu kusan mita 600 daga teku, ga zafi, kuma iska mai zafi a kan tudu ba ta da kauri, don haka ƙwallo kan ɗan fi nisa a nan fiye da Legas. A filin Rayfield na Jos, wanda aka kafa a 1913, tudun ya ninka namu, abin ya fi fitowa. Da rani, ƙasa ta bushe ƙamas, mai ƙarancin juyi za ta yi ta gangarawa, ka sami ƙarin nisa kyauta, amma tsayar da ita kusa da rami sai dabara: ka saukar da ita tun kafin dandalin, ta ƙarasa da kanta. Da damina ƙasa ta yi taushi, kowace ƙwallo takan tsaya inda ta faɗi. A wasu filayen Arewa kuma, inda aka daɗe ana shimfiɗa yashi gauraye da mai a bakin rami maimakon ciyawa, yashin ne ke tsayar da ƙwallo, fifikon yuretan sai ya ragu ƙwarai.

To, wacce za a saya? In har yanzu kana ɓatar da ƙwallaye a kowane zagaye, mai laushi da araha ta ishe ka, ɓawonta ma ya fi jure ƙasa mai tsakuwa. Ka zaɓi iri ɗaya ka tsaya a kai, domin hannu ba ya koyon awo in yau wannan gobe waccan. Ka yi hattara da tsintattun da aka tsamo daga ruwa, roba tana shan ruwa a hankali in ta daɗe, kuma kada ka bar su a but ɗin mota cikin zafin Maris da Afrilu. Ranar da ka ga kana gama ramuka 18 da ƙwallon da ka fara da ita, kuma damuwarka ta koma yadda za ta tsaya kusa da tuta, ranar ce mai ɓawon yuretan ta cancanci kuɗinka.